Gobe da safe za a yi jawabi: ku a gidanku yaya kuke saurarensa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe 1 ga Oktoba, kun san ƙarfe 7 na safe sai an kafa mana jawabi a rediyo da talabijin. Ni dai yanzu na dawo daga wajen mai gyaɗa, na auno gwangwani biyu na soyayya, don a gidanmu ba a sauraren jawabin shugaba sai da gyaɗa. Kafin a buga taken ƙasa kowa zai faɗi sau nawa yake ganin mutumin zai ce mu yi haƙuri, ko mu ƙara juriya, ko ya ce ya san halin da muke ciki. Khalifa ne alƙali tunda shi ne mai Turancin, autata kuma ita ke riƙe da kwanon sha. Da ya ɗaga yatsa sai ta jefa ƙwara ɗaya, ƙwal! In an gama a zazzage a ƙirga. Wanda ya fi kusa an ɗauke masa wanke-wanke kwana 3, wanda ya fi nisa shi zai share tsakar gida. Maigidan ma ba a ɗaga masa ƙafa. Bara ya ce sau 2, kwano ya ƙaryata shi, ya ɗauki tsintsiya yana cewa an yi masa maguɗi. Ku fa, ko mu kaɗai ne marasa aikin yi?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam. An buɗe fage, amma dokar zaure tana nan: ba zagi, ba ashar, ba a kama sunan mutum a ci masa mutunci. Tarihi a faɗe shi yadda yake. Wanda ya kawo mana rigimar jam'iyya zan fitar da shi ba sallama.

Ɗan Yakasai: Anti ai naku mai sauƙi ne. Mu kashe murya muke yi gaba ɗaya, a bar hoton kawai, sai ƙanina ya zauna a gefen talabijin ya ɗora tasa muryar irin ta masu fassarar fim ɗin Indiya. In mutumin ya gyara tabarau sai ka ji "bari in duba ko akwai sauran abin da ban ƙara wa kuɗi ba." In ya juya takarda, "wannan shafin ma ba naku ba ne." In ya ɗan yi tari, "ko ni da nake faɗa ta shaƙe ni." Wallahi akwai ranar da Umma ta yi dariya har ta zubar da kokon da take damawa.

'Yar Gwammaja: Kun tuno min da Kaka, Allah ya jiƙanta. Gidanmu ba nisa da Mumbayya, kuma ita 'yar NEPU ce tun tana amarya, ta bi Malam Aminu har PRP. Da jam'iyyar ta dare biyu ita 'yar taɓo ce, wato ɓangaren Malam, Kawunmu kuwa ɗan santsi, ɓangaren Gwamna Rimi, a gida ɗaya, tukunya ɗaya. To lokacin nan Rimi ya kafa gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake ce wa ARTV. Da an nuno gwamna zai yi magana sai ta kwance ɗankwalinta ta lulluɓe talabijin ɗin, ta ce "muryar ma da ƙyar, bare a haɗa min da fuska." Kawu ya zo ya yaye, ta mayar, ya yaye, ta mayar, har a gama jawabin ba wanda ya ji komai.

Bayan Malam ya rasu a Afrilun 1983 sai ta daina bambancewa, kowa ya zo ta amsa masa. Kun san yadda suke farawa da Turanci, "Fellow Nigerians", ita a kunnenta "Falo Najeriya" take ji. Da ya faɗa sai ta ajiye carbi ta ce "Na'am, me kuma muka yi?" In ya ce a yi haƙuri ta ce "mun gode, a gai da mutan gida." In ya yi tsawo ta juya rediyon ya fuskanci bango, wai ya je can ya ƙarasa wa ƙadangaru. Yanzu shekara nawa da rasuwarta, amma har yau a gidanmu da an ji farkon jawabi baki ɗaya muke cewa "Na'am, me kuma muka yi?" Har jikokin da ba su san ta ba.

Maman Khalifa: Allah ya jiƙan Kaka. Wannan "na'am" ɗin na ɗauka, gobe da ita za mu buɗe.

Mai Adaidaita: Ku masu gyaɗa da dariya Allah ya ba ku lafiya. Ni in an ce shugaba zai yi magana ba na zama, layin mai nake tafiya tun daren. Akwai wata jarka a bayan ƙofarmu, uwargida ta sa mata suna jarkar jawabi. Ranar 1 ga Janairun 2012 muka kwana lita tana naira 65, muka tashi tana 141, sai da aka yi kusan mako biyu ana zanga-zanga aka fito a talabijin aka ce an mayar 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa a wajen rantsuwa aka ce tallafi ya tafi, ko sauka daga mumbari ba a yi ba gidajen mai suka fara ja ƙofa, kwana biyu lita ta haura naira 500. Tun daga ranar in ta ji an buga taken ƙasa ba lokacinsa ba sai ta miƙo min jarkar ba magana, kamar mai miƙa wa soja bindiga.

Ɗan Yakasai: Jarkar jawabi! Yaya wallahi ka gama da ni.

Mai Adaidaita: Dariya kake ƙanina, ni balas nake kaiwa kullum da yamma, mai mashin ba ruwansa da abin da aka faɗa a Abuja.

Malam Na Dorayi: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa, kuma ba don in ɓata muku nishaɗi ba, amma akwai abu biyu da suka tsaya min. Na farko, Hajiya, wannan na gyaɗa da cewa wane ya ci wane ya faɗi, a duba kada ya zama ana koya wa yara caca da wasa. Na biyu shi ne babba. Allah ya hana izgili a Suratul Hujurat aya ta 11, ya hana giba a aya ta 12, kuma bai ce ban da shugaba ba. Yaron da ya tashi yana ganin uwarsa da ubansa suna kwaikwayon tarin dattijo suna shewa, gobe malaminsa zai kwaikwaya, jibi ubansa. Abin da aka koya mana shi ne a yi wa shugaba addu'ar shiriya, don in ya gyaru mu muka huta.

Maman Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ba wanda yake zuba ko sisi. Gyaɗar ni na saya, kuma a ƙarshe kowa ci yake. Tsintsiya ce kawai take sauya hannu. In wannan caca ce to rabon aikin gida ma caca ne.

Malam Na Dorayi: Na karɓi wannan, tunda ba a sa dukiya. Na biyun fa?

Lauyan Zaure: Malam bari in ɗan sa baki, da girmamawa. A Suratun Nisa'i aya ta 148 an ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Ni ba malami ba ne, ku za ku fassara mana. Amma ina ganin da bambanci tsakanin ka yi wa mutum dariya don halittarsa, da ka ƙirga sau nawa ya ce ka yi haƙuri alhali kwanon shinkafa ya fi ƙarfinka. Na farkon izgili ne, na yarda. Na biyun ai hisabi ne ake yi masa da gyaɗa. Mutum ya hau mumbari ya yi alkawari a gaban duniya, maganar ta zama ta jama'a, ba sirrinsa aka tona ba.

Malam Na Dorayi: To ai ka raba da kanka. A tsaya kan maganarsa, a bar tarinsa da tafiyarsa da tsufansa. Ɗan Yakasai, da kai nake.

Ɗan Yakasai: Na ji Malam. Za a cire tarin. Tabarau ɗin fa, shi ma halitta ne?

Malam Na Dorayi: Kai dai Allah ya shirye ka.

Baba Tsohon Ma'aikaci: 'Ya'yana kun ji daɗi, kuna dariya ƙofa a buɗe. Mu a zamanin soja ba sanarwa ake yi ba a ce gobe ƙarfe kaza. Ka kunna rediyo da asuba ka ji baduja tana ta kaɗawa ba labarai, to ka san an kwana da wani an tashi da wani. Haka muka ji a ranar 31 ga Disambar 1983, muryar Abacha ce ta sanar, yana birgediya a lokacin. Haka kuma 27 ga Agustan 1985. Kuma a 1984 an yi Doka ta 4 wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu da ita, saboda haka ko a majalisa mutum sai ya waiga kafin ya yi tsaki. Abin dariyar sai an shiga cikin gida an sakaya ƙofar zaure.

Wanda ba na mantawa shi ne na 22 ga Afrilun 1990, ranar Lahadi, ana cikin azumi, Sallah saura 'yan kwanaki. Manjo Orkar ya fito a rediyo ya ce an cire jihohi biyar daga Najeriya: Kano, Katsina, Sakkwato, Bauchi da Borno. Lokacin Jigawa ma tana cikin Kano, sai 1991 aka yanke ta. Muka yi tsit a tsakar gida, ni gumi nake, ina tunanin albashina tunda ma'aikacin tarayya ne ni. Can sai mai ɗakina ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "To Malam, yanzu zuwa Kaduna gidan Yaya sai da fasfo ke nan?" Mahaifiyata kuma daga ɗaki ta ce a tambayo mata yaron, ita da aka haifa kafin a ba Najeriyar 'yanci, wa ya ba shi aron ta da zai kore ta. Wallahi dariyar da muka yi ranar ita ta sauko min da numfashi. Kafin yamma an murƙushe abin.

Sai dai fa ba kowane jawabi ake yi wa haka ba. Na Murtala tsit ake yi, ɗan gida ne, kuma ba ya jan zance. Mahaifinmu ya ɗauki kalmarsa ta "nan take" ya mayar da ita dokar gida, in ya aike ka sai ya ƙara da Turancinta yana buga sanda. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi aka kashe shi, 13 ga Fabrairun 1976. Shi ya sa har gobe naira 20 Murtala muke ce mata, ko da yake yanzu ko ruwan leda da ƙyar.

'Yar Gwammaja: Baba Allah ya ƙara lafiya. "Wa ya ba shi aron ta" ta fi komai.

Gwaggon Yara: Ni matsalar gidana daban ce, shugaban da wani ya tsana shi ne gwanin wani. Maigida jar hula, ko masallaci da ita yake zuwa. Ni gidanmu ɗaya ɓangaren muke tun fil azal. Babban ɗanmu kuma ya ce duk kanwar ja ce. Da farko in gwanin ɗaya yana magana ɗayan sai tsaki da habaici, har akwai daren da aka kwana ba a ci tuwo tare ba saboda wani sojan baka da ya yi magana a rediyo. Sai surukata ta yanke hukunci: duk wanda gwaninsa zai yi jawabi, shi zai sayo abin toshe bakin sauran. In da safe ne ƙosai, in da dare tsire. Muddin bakinka da nama ba ka da izinin magana. Da tsiren ya ƙare kuwa an buɗe fili. Shi ya sa Alhaji in ya ji jawabin zai yi tsawo sai ya ce wa mai nama ya haɗa da ƙashi da jijiya, wai mu daɗe muna tauna.

Mai Adaidaita: Gwaggo wannan ai shi ne asalin siyasar Kano, a toshe baki da nama.

Mai Kula da Zaure: Mai Adaidaita, na ɗaga maka katin gargaɗi.

Bagobirar Fagge: Ni dai Malam ba zai kama ni ba, ina da lasisi. Bagobira ce ni gaba da baya, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Yarabawa. Duk sanda Bayarabe yake kan kujera sai in ja kujera gaban talabijin in ce "to bawana, karanto min abin da na aike ka." Maƙwabciyata Bafulatana ita kuma mataimaki take jira, tunda Babarbare ne. In ya fito sai ta leƙo ta katanga ta ce in ƙara murya, nata ya zo. Shekara takwas ɗin Bakatsine kuwa ba ni da hurumi, sai na koma 'yar kallo.

Ɗan Zariya a Kano: Mu kuma da Kanawa ne abokan wasanmu, kowane gwamna aka yi a garin nan halal ne a gare mu.

Ɗan Yakasai: Kai Bazazzagi, a garinmu kake cin abinci, yi a hankali.

Lauyan Zaure: Tunda ana raha bari in faɗi wadda ba raha ba. Duk abin nan da kuke yi, ya tsaya a tsakar gida. Ɗan Yakasai, kada wani ya ɗauki ƙaninka a waya ya ɗora. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, bulalar dai a jikinsu ta sauka. Abin da kakanninmu suka sani ke nan: wawan sarki yana faɗar abin da ya ga dama a fada don an san matsayinsa, 'yan tashe su kwaikwayi mai unguwa da alƙali a watan azumi a ba su hatsi a yi dariya, amma kowanne da lokacinsa da filinsa. Waya ba ta da fili, ko'ina take zuwa.

Ɗan Yakasai: Umma ta riga ka. Kafin a fara sai ta bi kowa da faranti ta karɓe wayoyi kamar ɗakin jarrabawa.

Malam Na Dorayi: To ita Umman taku ta fi ku hankali duka. Amma Lauya, tambaya nake: wannan dariyar me ta taɓa sauyawa? An daɗe ana gafara sa ba a ga ƙaho ba, ku kuma kuna ta gyaɗa. Ba gara a kashe rediyon a yi salati ba?

Maman Khalifa: Malam ba a iya kashewa, matsalar ke nan. A cikin jawabin nan ake faɗar abin da zai hana ka barci. Ka tuna 16 ga Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi? Da safe aka fito aka ce tsohuwar naira 200 ce kaɗai za ta ci gaba har 10 ga Afrilu, ban da 500 da 1,000. Ni lokacin ni ce uwar adashe, kuɗin mata goma sha suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, duk tsofaffin dubu-dubu. Na saurari jawabin nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da a ce na kashe na yi salati, da a bakin mai kayan miya zan ji. To tunda dole ne sai ka ji, kuma ba ka da yadda za ka yi da mai maganar, gara ka ji shi da gyaɗa a hannu. Yara ma ta nan suka san me ake nufi da kasafin kuɗi da tallafi, Khalifa har rubuta alkawuran yake a bayan littafinsa, in shekara ta zagayo ya karanto mana.

Amma akwai ranar da na sayi gyaɗar ba a jefa ko ɗaya ba. 27 ga Afrilun 2020, da daddare, farkon azumi, aka ce an rufe Kano ruf mako biyu saboda korona. Kun tuna kwanakin nan, kullum sai ka ji an yi rashin wani dattijo, a layinmu kaɗai gida uku aka yi zaman makoki ba masu zuwa gaisuwa. Autata ta ɗauko kwano ta zauna, Khalifa ya ɗaga yatsa sau ɗaya, ya ga fuskar babansu, ya sauke. Maigida lissafin abin da ya rage a buhu yake, shi da sai ya fita kasuwa ake ɗora tukunya. Gyaɗar da ita aka yi sahur.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan shekarar. Abokaina biyu a mako ɗaya.

Malam Na Dorayi: Amin. Hajiya na fahimce ki. Ni dai a bar tarin, kuma in an gama ƙirga a ɗaga hannu a yi masa addu'a ko ta minti ɗaya ce.

Gwaggon Yara: Malam addu'ar shiriya ko ta sauka lafiya?

Malam Na Dorayi: Gwaggo kowa da niyyarsa.

Mai Adaidaita: Ni na tafi layi. Wanda yake kusa da Kurna ya faɗa min inda ake bayarwa.

'Yar Gwammaja: Anti Maman Khalifa, gari ya waye, muna jiran sakamako. Mu dai mun yi "na'am" ɗinmu, ana cikin sakin layi na biyu aka ɗauke wuta, muka ƙarasa a rediyon waya.

Maman Khalifa: Ku bari kawai. An yi jawabi, an jefa gyaɗa, Khalifa ya rantse yatsansa ya ɗaga ya fi a ƙirga. Da aka zo zazzagewa sai ga ƙwara biyu a kwano, autar tana gefe tana lashe gishiri a baki. Maigida da ya sake cewa sau 2 ya miƙe yana murna wai yau gaskiya ta yi halinta, Khalifa ya ce a soke zaɓen a sake. Yanzu haka suna tsakar gida ana shari'a, tsintsiya tana jingine ba wanda ya taɓa, wanke-wanken kuma ga shi nan ni nake yi.